Shekarar da Kwamfuta Ta Ce Ni Ke Satar Ruwa

Ko da zan manta da komai na noman ranin da na yi a bayan Konni, shekarar da kwamfuta ta kira ni ɓarawo ba za ta fita raina ba. A shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, lokacin wayar hannu ta fara shigowa garinmu amma ba kowa ke da ita ba. Yau gemuna ya yi fari fat, amma in na tuna har yanzu abin yana yi mini zafi.

Ga wanda bai san irin nomanmu ba, ruwa daga madatsa yake tahowa ta babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana, kowace gona da ranar shanta. Wanda ya buɗe ruwa ba ranarsa ba ya cuci duk na ƙasa da shi. Dokar koperatif ɗinmu kuwa ba ta da wasa a nan: in an tabbatar kana yi, a karɓe gonar a ba wani. Tawa gonar daga hannun mahaifina na karɓe ta, albasa da alkamar da nake samu a cikinta su ke riƙe da gidana. Kuma tana can sama, kusa da bakin ruwa, wurin da kowa ke sha'awa.

Ina da wani taubashi, ɗan kawuna, wanda ke karatun kwamfuta a Yamai. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa an rabu ba tsiya ba. Shi ya ce ni bawansa ne, ni in ce rago ne ya gudu lakwal, wato makarantar boko, don tsoron hauya. A ranin nan sai ga shi da kwamfuta a jaka, wai aikin ƙarshen karatunsa zai yi a kan gonakinmu.

Ya zaunar da ni a zaure ya yi mini bayani. Wai zai ƙirƙiri wasu 'yan mutane a cikin kwamfutar, kowane ɗaya a madadin manomi ɗaya. Kowannensu yana da abin da ya sani, da abin da yake so, da abin da ya ƙudura zai yi. Babu shugaba a kansu, sai dai su aika wa juna saƙo su daidaita rabon ruwa. Ya ce wahalar aikin ba a rubutun take ba, a tsarin take: kafin ka taɓa kwamfuta sai ka san aikin kowa, da wanda yake magana da shi, da abin da zai yi in ruwa ya gaza. Burinsa wai wata rana a kafa mutum-mutumi masu tunani a bakin kowace ƙofar ruwa, su riƙa shawara da juna haka.

Na ce masa, "Kai dai hwaɗi gaskiya, ƙarhe kaka so shi yi maka noman da ka kasa."

Ya yi dariya ya ce in ɗauke shi a babur, ai aikin bawa ke nan.

Haka na yi ta yawo da shi gona-gona yana tambayar mutane. Yaushe kake ban ruwa? In ruwa bai iso ba wa kake fara tambaya? Tun a lokacin ma mutane ba su sake da shi ba. Wasu suka ce gwamnati ce ta turo shi don a ƙara kuɗin ruwa, wasu suka ce auna gonakin ake yi za a ba manya. Ni ne na riƙa rantsuwa ina cewa ɗan gida ne, karatu ne kawai. Da ya gama ya koma Yamai, ya bar wa malamin gona kwafin aikin a kwamfutar buro, wato ofishin koperatif.

Shekarar kuwa ruwa ya yi ƙaranci. Albasar mutanen ƙasa ta fara yin ja tun ba ta yi kai ba, kowa ya zama mai gadin kowa. Malamin gona, wani baƙo da aka kawo mana daga gabas, ya ga bari ya nuna wa 'yan komite yadda ƙarancin ruwa ke yaɗuwa. Ya tara su ya kunna abin. Ga kanal, ga gonaki, ga 'yan mutane suna kai da kawo, kowane da suna a bisa kansa. Ana cikin kallo sai ɗaya ya je ya buɗe ruwa ba ranarsa ba. Ya sake, ya kuma sakewa, gonakin ƙasa suna bushewa. Sunan da ke kansa nawa ne, har da laƙabin da ake kirana da shi.

Ni ba na wurin, ban kuma san wainar da ake toyawa ba. Gaisuwa ce na fara ganin ta canza. In na iso teburin mai shayi sai hira ta mutu, a koma zancen farashin taki. A masallaci wanda muke sahu ɗaya kullum ya matsa can gefe. Sai maƙwabcina na ƙasa, wanda muka tashi tare tun muna kiwon awaki, ya tsaya a kan kunya yana kallon albasata da ta yi kore shar.

Ya ce, "Albasa ta yi kyau bana."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ce, "Ai dole ta yi. Ordinater ta hwaɗi wanda ka shan ruwanmu."

Kwamfuta yake nufi. Na saki hauya na nufi buro ko ƙafa ban wanke ba. Malamin gona ya so ya yi mini kwana-kwana, na ce ba inda za ni sai na gani da idona. Ya kunna. Na tsaya ina kallon wani ɗan abu mai sunana yana sanɗa zuwa ƙofar ruwa. Wallahi ban taɓa buɗe ruwa ba ranata ba, amma da na ga abin sau biyu sai da na fara tambayar kaina ko akwai ranar da na yi kuskuren lissafi. Malamin ya ɗaga hannu ya ce shi bai ƙara komai ba, na'ura ce ke lissafinta.

A fahimtata a lokacin, kwamfutar ta tattara abin da mutane suka gaya wa taubashina ne ta fitar da hukunci. Ke nan wani ne ya kai sunana. Daga ranar na shiga zargin duk wanda ya gifta. Maƙwabcin nan nawa, ai na tuna ranar tambayoyin ya ja taubashina gefe sun daɗe suna magana. Surukin perzidan, wato shugaban koperatif, wanda ya taɓa cewa in ba shi gonata ya ba ni tasa da ciko. Shi kansa malamin gona, me ya sa bai kunna abin ba sai ranar da ba na nan? Har ƙanen matata na sa a layi, don ya taɓa roƙon iri na hana shi. In mutum ya gaishe ni da fara'a in ce munafunci ne, in ya ɗaure fuska in ce to ga shi ya nuna kansa. Abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Mutum ɗaya ne ban taɓa kawowa a raina ba, shi ne taubashin. Taubashi a gabanka yake zaginka, a cikin mutane, a yi dariya a watse. Ban san shi da yi a bayan ido ba.

Sai aka aiko mini cewa komite zai zauna bayan sallar Juma'a a kan maganar gonata. Surukin perzidan har ya fara zagayawa ta wajen yana duba iyaka. Matata ce ta ce in daina zaman zargi in kira mai abin. Na tafi telesanta cikin gari na buga masa, na zayyana masa komai.

Sai ya fashe da dariya. Dariya har da tari, ni kuwa ina tsaye mai telesanta yana kallona.

Da ya samu numfashi ya ce, "Bawana, ai ni nis sa sunan! Ba wanda yak kai ka."

Wai a ƙa'idar aikinsu, in ka tsara mutanen kirki zalla ba ka gwada komai ba. Dole ka sa mai ha'inci ɗaya da gangan, ka ga ko sauran za su gane shi su gaya wa juna. Abokan karatunsa lamba suke sa wa nasu, shi kuwa ya ga sunayen gida sun fi masa sauƙin tunawa. Da ya zo kan ɓarawon, sunan wa zai sa in ba nawa ba? Ya ce har ajiye abin yake yi sai ya zo sallah ya nuna mini mu sha dariya.

Na ce, "Gonar tsohona za a amshe ran Juma'a. Yi ta dariya."

Dariyar ta tsaya cak. Na ce ya hau mota, in ya so ya sayar da kwamfutar ya biya kuɗin, na kife wayar.

Ya iso kuwa. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar buro, aka jawo waya ta taga aka ɗora kwamfutar a kan tebur. Mutane sun cika, har waɗanda ba su da gona sun zo kallo. Taubashina ya miƙe ya fara bayani irin nasu, rabi Hausa rabi Faransanci, yana cewa wakili kaza da manufa kaza. Maimakon ya gyara sai ya ƙara ɓatawa. Wani ya ce, to ashe tun farko ka san akwai ɓarawo. Wani ya ce an biya shi ne ya zo ya wanke ɗan'uwansa.

Sai wani dattijo ya ɗaga sanda ya ce, "Yaro, bar turancin ga. Mutane nawa ag garin ga? Mi yas sa sunanai kaɗai kaz zaɓa?"

Taubashina ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, sunan wa za ni sa in kwana lahiya? Taubashina na. Shi ɗai nika ce ma ɓarawo ba a kai ni gaban alƙali ba."

Tsofaffin da suka san uwata da ubansa suka yi murmushi, wasu suka ce lalle haka ne. Perzidan dai bai yi ba. Ya ce mutum yana wasa, amma shi bai taɓa jin na'ura ta yi wasan taubasai ba. Taubashina ya ce to Alhaji perzidan ya ba shi kowane suna yake so. Perzidan ya dube shi ya dubi kwamfutar, ka ga mutumin da ke tsoron a yi masa dabara. Ya ƙi ba da sunan kowa a wurin, ya ce a sa sunan jakinsa. Aka goge nawa aka rubuta na jakin, aka kunna. Jakin Alhaji ya tafi tiryan-tiryan ya buɗe ruwa ba ranarsa ba.

Wurin ya kaure da dariya, har perzidan sai da ya rufe baki da hannun riga. Ya ce magana ta ƙare, gona tana hannun mai ita, kuma a cire sunan kowa daga cikin abin nan tun yau. Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Ana tashi sai na ji muryar maƙwabcina daga baya.

Ya ce, "To mun ji. Amma ruwan hwa, wa ka shan shi?"

Malamin gona ya ce madatsar ce ba ta cika ba bana, kowa ya je ya gani. Kowa ya kama hanyarsa.

Taubashina ya bi ni gida ya durƙusa a gaban uwata yana ba da haƙuri. Ita ta ce ba a fushi da taubashi, ni kuma na yi kwanaki kafin in iya kallonsa. Mun shirya daga baya, har yau muna tsiyarmu, ya kuma ci gaba da aikinsa na mutum-mutumi a ƙasashen waje. Ya ce mini tun daga ranar, ko a gwaji, bai sake sa sunan mai rai a cikin aikinsa ba.

Ranar ban ruwata ta farko bayan zaman, na isa da safe na tarar da maƙwabcina zaune a bakin ƙofar ruwa da rediyonsa. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali. Bai tashi ba sai da ya ga na rufe ruwan da hannuna. Haka ya yi a zagaye na gaba, haka ya yi a shekara ta gaba, har ƙafa ta hana shi fitowa gona. Bai taɓa ce mini ɓarawo ba, ni ma ban taɓa tambayarsa me yake jira ba. Wannan ya fi zaman komite yi mini ciwo.

Abin da na koya shi ne, wasa yana zama wasa ne a gaban waɗanda suka san tsakaninku kuma suka ji dariyar. In aka ɗauke shi aka zuba a na'ura, dariyar ba ta bin sa, zargin kaɗai ke isa wurin mutane. Shi ya sa duk ɗan da ya ce mini zai karanci kwamfuta nake ce masa ya gwada abin da ya ga dama, amma ya bar sunan mutane a waje. Ni an mayar mini da gonata a zama ɗaya, amma maƙwabcin nan abokina ya rasu bai daina gadina ba.