Alam a Ruwan Gansakuka

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Ƙofar Marke, ni da ɗiyata da ƙanena mai keke napep, da wata babbar kula cike da kwalabe suna ta kacau-kacau a bayanmu. Na sha tafiya don zumunci da ta'aziyya, amma tafiya neman gansakuka wannan ce ta farko, gwiwoyina kuma suna fatan ita ce ta ƙarshe.

Ɗiyar tawa tana digiri na biyu a jami'a, a kan wannan koren abu da ke rufe fuskar tafki. Wanda ta ɗebo da damina ya mutu a ɗakin gwaje-gwaje lokacin da aka daɗe babu wuta. Ga kaka ta shigo, tafkunan fadama suna ƙafewa. In ba ta samo wani ba kafin su bushe, sai ta jira wata damina, shekara guda ta tafi ke nan. Tafkin da ya rage da ruwa yana bayan ƙauyen da yayata take aure, shi ya sa aka ɗauko ni.

Mun biya Arkilla sayen ƙanƙarar da za ta sanyaya kwalaben, wadda ta yi tsada kamar ba da ruwa ake yin ta ba. Muka karya da masa da yaji a bakin titi, ƙanena yana ci yana ƙorafin kuɗin mai. Da muka haye gadar Rima muka bar kwalta, hanya ta zama ramuka zalla. Shinkafa ta nuna hagu da dama, manoma suna kaɗa gwangwanaye suna korar tsuntsu. Kowane rami muka faɗa sai ƙashin bayana ya ambaci Allah kafin bakina.

Don in manta da ciwon, na tambaye ta abin da take nema a cikin ƙazantar ruwa. Ta ce, "Baba, koren nan ba abu ɗaya ba ne. Ƙwayoyi ne masu rai, ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma, kuma kowace da bangonta kamar gida." Wasu, in ji ta, bangonsu irin abin da ke cikin zaren auduga ne. Wasu na furotin ne haɗe da sukari, mai laushi. Wasu kuma suna da ɓawo mai tauri a waje wanda ko asid da ƙyar yake cin sa. Masu kiwon kifi suna so su ciyar da gansakuka, amma mai taurin bango takan wuce cikin ƙaramin kifi ba ta narke ba. Ita tana so ta san irin bangon da namu na fadamar Sakkwato suke da shi. Na yi tasbihi. Abin da ido bai gani ba an gina masa katanga, ni kuwa tawa ta bayan gida kowace damina sai ta zube.

Da hantsi muka isa tafkin. Ya ja baya sosai, amma bakinsa kore shar. Tana cika kwalabe, ni ina rubuta musu shaida da ajami, tana dariya wai malaminta sai ya nemi mai fassara. Kafin azahar mun gama, ƙanƙara ta narke, mu ma kusan haka.

Yayata ta tarbe mu da fura mai sanyi da tuwon shinkafa. Ɗiyata ta jera kwalaben a inuwa kusa da randa, ta sassauta murafensu don su sha iska, ta shiga gaida maƙwabta. Mu muka tafi masallaci, muka dawo muka miƙe a zaure. Babu wanda ya tuna ya gaya wa yayata abin da ke cikinsu.

Muryar ɗiyata ce ta tashe ni. "Goggo, mi yas samu ruwan ga?"

Na fito na ga kwalabe garau kamar ruwan rijiya, koren ya dunƙule ya kwanta a ƙasa.

"Ni nag gyara shi," in ji yayata, tana murmushi. "Ashe haka kuke shan ruwa a birni? Ke da iliminki? Alam nis saka mai, duba yadda ya kwanta."

Mutanen fadama haka suke yi wa ruwa mai dauɗa, kuma babu baƙon da za a bari ya sha kore a gidanta. Ɗiyata ta zauna a kan turmi, hawaye na zuba. Da ƙyar ta bayyana cewa alam ya manne a bangon ƙwayoyin, duk abin da ta auna yanzu na alam ne. Yayata ta riƙe baki, ta juyo kaina. "Malam, kai ma kana nan kana shan hura, ba ka ce mani komi ba!"

Muka juye ruwan a buta da bokiti, muka wanke kwalabe, muka koma tafki cikin rana, har da yayata. Shanu sun riga mu. Sun sha, sun tattake bakin ruwan ya zama kunun laka. Kore sai can tsakiya. Ƙanena ya ce shi ƙafarsa da ciwo. Ɗiyata ta fara cire takalmi, na hana ta, domin na san lakar fadama tun ina yaro. Na miƙa wa yayata rigata da hulata, na naɗe wando, na yi bisimilla na shiga. Laka ta kama ni har cinya. Kowane taku sai na roƙe ta ta sake ni. Ɗiyata tana kira daga gaɓa, "Baba, a hankali, kada ka dama shi!" Na cika abin da na iya, na fito.

Yayata ta ɗauko butar da ta riƙo daga gida. Ta durƙusa ta zuba mini ruwan alam ɗinta a ƙafa har laka ta fita, da sauran na yi alwalar la'asar. Gaskiya ban taɓa ganin ruwa mai kyau kamarsa ba.

Mun shigo Ƙofar Marke bayan magariba, na yi isha'i a zaune. Washegari ɗiyata ta dawo daga jami'a ta miƙo mini waya. Ga hoton wata ƙwaya koriya, zagaye, da wani siririn layi ya kewaye ta. Ta ce, "Suna da rai, Baba. Wannan layin shi ne bangon."

Na daɗe ina kallonsa, na yi hamdala. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne: in ka sauka gidan mai son ka da kaya, ka gaya masa mene ne tun kafin ka sha ruwa. Na sa an kira mini yayata na shaida mata an dace. Ta ce alhamdu lillahi, sannan ta tambaya ko gidanmu muna da alam, ko ta aiko.