Malam Kalilu Mai Awo da Irin Shukar da Aka Kira Ɓoyon Abinci

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Yuli na shekarar 2005, Allah ya karɓi ran Malam Kalilu mai awo a gidansa da ke Rijiyar Ɗantsoho cikin ƙasar Daura, bayan hawan jini ya kwantar da shi tun farkon damina. Ya bar matarsa Nana da 'ya'ya shida. An yi masa sutura a ranar, bayan la'asar.

Ni Musaddiq, tsohon malamin gona, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Na san mai ta'aziyya tausasa harshe yake yi. Na gwada, wallahi abin ya gagare ni. An binne mutumin nan da sunan da ba nasa ba, an kira shi mai ɓoye abinci a tsakiyar kasuwa, kuma har yau ba wanda ya fito ya janye maganar. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya Kalilu, tun ina yaro na san ka a bakin buhunan gero, kana awo. Ba ka da fara'a sosai, gaskiya, kuma mai taya maka kaya da raini yakan sha faɗa. Amma idan tsohuwa ta shimfiɗa maka zanenta, ka cika tiya har ta yi tozo, ka kare ta da hannu don kada ƙwaya ta zube, sannan ka ƙara mata tafi ɗaya kana kallon wani wuri, kamar ba kai ka yi ba. In ta yi godiya sai ka ce, "Tashi mana, Inna, kin tare min ciniki."

Akwai kuma abin da baƙo ba zai sani ba. A ƙauyukanmu, idan an yi girbi, manomi yakan ware gero mafi kyau don shukar baɗi. Barinsa a gida haɗari ne, domin in bazara ta yi tsanani yara suna kuka, ba uwar da za ta iya kallon iri ta ƙyale shi. Saboda haka ake kai shi wurin amintacce, a ce masa ko mai shi ya zo da hawaye kada ya ba shi sai ruwa ya sauka. Kai ne amintaccen nan a wajenmu. Ɗakin bayan rumfarka cike yake da irin mutane, kowa da alamarsa: wata ta ɗaura jan tsumma, wani igiyar kaba, wani ya shafa shuni a bakin buhu. Ba ka taɓa karɓar ladan ajiya ba. Na ga ranar da wani magidanci ya zage ka tas don ka hana shi nasa irin cikin watan zafi, ya dawo da damina yana sunkuyar da kai, ka miƙa masa kayansa ba ka tuna masa komai ba.

Bana kowa ya san halin da aka shiga. Bara ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta cinye saura, mutanen ƙetaren iyaka suka yi ta kwararowa neman hatsi, gero ya yi tsadar da ba mu saba gani ba. Sai aka kafa mana kwamitin ƙayyade farashi, aka ɗora Alhaji Ya'u a kai, mutumin da bai taɓa saye ko sayar da buhu ɗaya na hatsi ba sai dai a dafa a kawo masa. Suka zauna a ofis ƙarƙashin fanka suka yanka wa tiya kuɗi, ƙasa da yadda mai awo ke sarowa daga ƙauye. Aka zagaya da lasifika ana cewa zamanin shari'a ne, ɓoye abinci haramun ne, wanda ya ƙara ko kwabo zai gani. Ba mu musa haramcin ba. Amma wa ya gaya musu lasifika tana cika rumbu?

Kasuwa biyu kacal aka ci, hatsi ya ɓace daga rumfuna. Manoman da ke da ɗan saura suka daina kawowa. Manyan 'yan kasuwa suka ɗora nasu a kan babura, ta hanyoyin gona, sai ƙetare, inda ba kwamiti. Wanda ya rage sai a bayan gida ake sayar da shi, da tsadar da ta fi ta da, a tiyar da aka bubbuge wa gindi, ga ƙaiƙayi da tsakuwa a ciki, kuma ba ka isa ka yi magana ba don kada gobe a ce maka babu. Talakan da aka ce za a taimaka, da yana sayen tiya guda da ƙyar, ya koma ko rabi ba ya samu. Wannan shi ne aikin da suka yi mana, kuma alawus suke karɓa a kansa.

Kai kaɗai ka bi dokarsu. Na ce maka, "Yaya, rufe rumfar nan, asara kake yi." Ka ce, "In na rufe, matan nan su je ina?" Ka ci gaba da aunawa a farashinsu har jarinka ya narke, buhun ƙarshe ya ƙare, ka kakkaɓe shi a gaban mutane. Ba wanda ya zo daga kwamiti ya ce maka sannu.

Da jama'a suka fara zagin kwamiti a fili, sai Alhaji Ya'u ya shiga neman wanda zai nuna. Masu baburan sun fi ƙarfinsa, wasu ma tare suke cin abinci. Aka raɗa masa cewa akwai buhuna a ɗakin bayan Kalilu. Ranar kasuwa suka zo da mota da lasifika, suka ɓalle kwaɗo, suka fito da irin bayin Allah suka jera a rana. Ka yi ta nuna musu tsummokaran nan da igiyoyi, kana cewa amana ce, a kira masu ita. Alhaji Ya'u ya yi dariya ya ce, "Dabara ce ta 'yan kasuwa." Ɗan garin nan ne fa! Uwarsa ma a wurin mahaifinka take ajiye iri. Ya sani sarai, amma yana bukatar hoto da labarin da zai kai sama. Aka sanar da sunanka da na ubanka, aka ce ga wanda ya jefa gari cikin yunwa. Yara suka yi maka ihu. Aka sayar da irin nan a farashin kwamiti, kafin masu shi su ji labari a ƙauye ya ƙare, kuma da idona na ga wasu buhunan a bayan babur sun nufi arewa.

Ba ka kai ƙara ba, ba ka zagi kowa ba, ni na yi ta zagin a madadinka. Abin da ka yi shi ne ka sayar da gonarka ta gado da shanun huɗarka, ka bi kasuwanni har Mashi da Sandamu kana sayen iri da tsadar bayan fage, ka bi masu ajiya gida gida kafin ruwan shuka. Duk wanda ya ba ka ya samu. Ka rame har rigarka ta yi maka yawa, ka daina fita sallar jam'i a babban masallaci saboda kallon mutane.

Ajiya ɗaya ce ta gagare ka, ta Inna Adawiyya, tsohuwar nan ta Unguwar Fulani. Nata wani gero ne mai saurin nuna da ta gada wurin kakarta, ba a sayar da shi a kowace kasuwa, kuma kaf abin da ya rage mata ta kawo maka. Ka kai mata wani iri ta karɓa, amma kai ka san ba shi ba ne. Ina zaune kusa da kai a kwanakin ƙarshe, harshenka ya yi nauyi, abin da kake ta maimaitawa shi ne a roƙa maka Inna Adawiyya gafara, ka ci amanarta. Na ce ba kai ka ci ba. Ka girgiza kai ka ce, "A hannuna ta bari."

Da aka ajiye ka za a yi salla, sai ga Alhaji Ya'u cikin farar shadda, ya kutsa sahun gaba yana jan carbi. Liman ya juyo ya tambaya, kamar yadda aka saba, ko akwai mai wani haƙƙi a kan mamaci. Sai Harisu, ɗan Inna Adawiyya, ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Malam, Inna ta aiko ni. Ta ce a shaida ba ta bin Malam Kalilu ko ƙwaya ɗaya, duniya da lahira. Ta ce wanda take bi yana sahun gaba, kuma ba ta yafe ba." Ba wanda ya waiwaya, ba wanda kuma bai gane ba. Liman ya ta da kabbara.

Ya Allah ka jiƙan Malam Kalilu, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha da wulaƙancin da ya haɗiye su zama kaffara a gare shi. Ka saka masa da Aljannar Firdausi, ka tsare masa bayansa. Waɗanda suka ɓata masa suna kuwa, ban da addu'ar da zan yi musu, Kai ne mai hisabi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yan'uwansa, da masu awo na kasuwarmu, da duk wanda ya taɓa ba shi ajiya. Ku kuma 'ya'yansa, ba a bar muku gona ba, kun san inda ta tafi, kada ku ji kunyar faɗa. Nana, Allah ya ba ki haƙuri da dangana. In kin gama takaba ki fita da kanki a sama, mijinki bai ɓoye abincin kowa ba.