Kwalbar da na gani a kicin ɗin Alhassan

Shekara shida ke nan da muka kai Alhassan makwancinsa, kuma har yau ban gama da shi ba. An saba cika irin wannan shafi da yabon mamaci. Ni da tambaya na zo, domin makon jiya an sake yi mini ita, kuma auren 'yarsa Hajara na rataye da amsar da zan bayar.

Alhassan mutumin zangon Kumasi ne, ni kuwa Bakano ne da ya daɗe yana karanta labarai a gidan rediyo kafin aikin fassara ya kawo shi New York. A jirgin fito na St. George muka saba. Shi yana zuwa aiki a wani otal a unguwar Jamaica ta nan New York, kusa da filin jirgin sama, ni ina zuwa ofis. Malam Rediyo yake ce mini. Kowa a unguwarmu ta Park Hill ya san a otal yake aiki, amma ba wanda ya tambayi a wane ɓangare.

Wata Asabar bayan azahar na shiga gidansa, na tarar da shi a kicin ya ɗaura tawul a kafaɗa. A gabansa akwai lemon tsami, lemon zaƙi, kwanon ƙanƙara, sukarin da aka narkar, da doguwar kwalbar bodka, barasar nan mai kama da ruwa. Bai ɓoye ta ba, bai kuma razana ba. Ya ce an ɗauke shi daga wankin kofuna za a mayar da shi haɗa abin sha, kuma za a gwada hannunsa.

Na tsaya ina kallo. Ya murza lemon a kan tebur kafin ya yanka, wai don ruwan ya saku. Ya auna barasa biyu, ruwan lemon zaƙi biyu, na tsami ɗaya, sukari rabi, ya zuba a gwangwanin ƙarfe da ƙanƙara, ya girgiza har gwangwanin ya yi raɓa. Ya tace a kofi, ya matsa ɓawon lemo a samansa. Daga nan ya kai kofin hancinsa, ya lumshe ido, ya buga bango sau uku. Sai ga maƙwabciyarsa, Mama Korto, wata Kirista 'yar Laberiya. Ta kurɓa, ta ce tsami ya yi yawa.

"Ka ga harshena ke nan, Malam Rediyo," in ji shi. "Haya na ɗauko shi."

Na yi dariya, amma ban yarda ba. Mai miya ba ya ɗanɗana miyarsa? Tun daga ranar, duk sanda na je sai idona ya auna kwalbar da rubutun da ke jikinta. Tana raguwa. In na tambaya, sai ya ce Mama Korto ce, ko ya ce ya zubar a wurin wanke-wanke. A sahun salla ina jin ƙamshin ɓawon lemo a jikinsa, sai in ce a raina, me ake rufewa da shi? Ruwa ba ya tsami banza.

Da ladaninmu ya koma gida, jama'a suka ce a ba Alhassan, don muryarsa tana ratsa bene. Shugaban kwamitin masallaci ya ja ni gefe, ya ce ni ne na fi kowa shiga gidan Alhassan. Na ce, "Alhaji, na ga kwalba a kicin ɗinsa." Ban ƙara ba, ban rage ba. Na tafi ina jin na riƙe ƙa'idar aiki, tunda abin da na gani kawai na faɗa. Aka ba wani. Alhassan bai taɓa tayar mini da zancen ba. A jirgi dai ya daina tsayawa a gefen da nake tsayawa. Bayan shekara biyu zuciyarsa ta tsaya a tashar bas.

Ba wanke shi na zo yi ba. Malamai sun yi bayani a kan mai miƙa wa wani giya, shi ma ya sani, kuma ya sha cewa yana neman mafita. Amma mai miƙawa daban, mashayi daban, kuma da sunan na biyu aka binne shi a bakin mutane.

Me zai ce da ya ga yau? Babu bikin sunan da za ka je a yankin Queens na birnin nan ba ka tarar da 'yan mata suna girgiza lemo da ƙanƙara a irin gwangwanin nan ba, ba barasa, suna ɗaukar hoto. Iyayensu, waɗanda suka daina amsa gayyatarsa, suna miƙa kofi a ƙara musu. Ina jin zai shinshina ne kawai, ya ce sukari ya yi yawa.

Makon jiya kawun mai neman Hajara, wani dattijo Bazazzagi, ya zo binciken asali. An ce masa ni ne na san uban. Na roƙi kwana bakwai, na tafi gidan kula da tsofaffi inda Mama Korto take yanzu.

"Kai ne mai leƙen kwalba," ta ce. "Ya san kana aunawa. Ɗana, ni na sha, ni da ƙanwata. Mutumin da ko yatsarsa ta jiƙe sai ya wanke sau uku!"

Na fito ina tuhumar ta ita ma. Tana ƙaunarsa, ta tsufa, kuma majiya ɗaya ce. Sai a cikin bas na lura cewa majiya ɗaya ce ta hana shi ladanci, kuma ba wanda ya nemi ta biyu.

Abin da ya rage na Alhassan kaɗan ne: 'ya mai natsuwa da ta zama ma'aikaciyar jinya, muryar da ba ta kira salla ba, da jimla guda da na bari ba ƙarshe. Magana zarar bunu ce, ba ta komawa, amma ana iya ƙarasa ta. Don haka ga amsata ga kawun ango, da Alhaji, da duk wanda ya ji ta farko. Na ga kwalba a kicin ɗinsa. Na yi shekara uku ina gadinta, ina so in kama shi. Ban taɓa ganin ta a bakinsa ba, ban taɓa jin warinta a numfashinsa ba. Abin da ke bayan wannan, Allah ne masani.

A sa ranar Hajara. Idan akwai wanda ya kamata a bincika a wannan labari, ba ubanta ba ne.

Allah ya jiƙan Alhassan, ya yafe mana.