Ranar da Gwaggo Asabe Ta Fitar da Maijego Kafin Arba'in

Shekara biyar ke nan cur da rasuwar Gwaggo Asabe, ƙanwar babana. Ina 'yar shekara goma sha biyu aka ɗauke ta daga gidanmu na Kurmin Mashi. Yau ina sha bakwai, ina ajin ƙarshe a sakandare, amma har yanzu in na ji takun silifa a tsakar gida sai na yi maza na sauke ƙafata daga kan kujera. Na san manya aka saba gani suna irin wannan rubutu a jarida, masu gemu da tabarau. A yi mini haƙuri. Manyan gidanmu in an ambaci Gwaggo shiru suke yi, ni kuwa shiru bai taɓa karɓata ba. Ita da kanta ta raɗa mini suna Rediyo, ta ce batirina ba ya mutuwa.

Gwaggo ba likita ba ce, ba nas ba ce. Shekara ashirin ta yi a ɗakin haihuwa na wani asibitin gwamnati tana canza zanin gado, tana goge ƙasa, tana tura masu naƙuda a keke. Takardarta ɗaya a duniya, ta firamare, ita ma ɓera ya ci gefenta. Amma ta ga masu jego fiye da yawan mutanen da ke shiga Babbar Kasuwa ranar jajibirin salla. To, a rage rabi. Gwaggo ta iya hana gishiri a miyar gidanmu, amma ba ta samu hana shi a bakina ba.

Tun da mijinta ya rasu ta dawo wajenmu, ɗakin da ke gindin gwaiba. Siririya ce, mai tafiya a hankali. Daga titi zuwa ƙofar gida sai ta tsaya sau biyu, wai tana gaisawa da mutane, ko da kuwa babu kowa sai akuya. A gadonta matashi uku take jerawa ta jingina, ta yi barci kusan a zaune. Ni na ɗauka ƙasaita ce, har nakan durƙusa a bakin ƙofa in ce ran sarauniya ya daɗe, ta jefe ni da mafici.

Shekara biyu kafin rasuwarta, Yaya Rabi, 'yar farin gidanmu da ke aure a Katabu, ta haihu, aka kawo ta gida wanka. Kaka, mahaifiyar Baba da Gwaggo, ita ta karɓi ragamar jego, kuma Kaka ba ta aiki rabi da rabi. Safe da yamma ana tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ruwan da in ƙwai ya faɗa ciki sai dai a kawo yaji. A ƙarƙashin gadon ƙarfe ta sa kaskon wuta, ta rufe taga. Kunun kanwa kuwa sau uku a rana. Da kanta ta hau bas zuwa Babbar Kasuwa ta zaɓo kanwar, don ta ce 'yan zamani ba su san mai kyau ba. A wajen Kaka sanyi shi ne abokin gābar maijego, kanwa kuma ita ke wanke ciki ta kawo nono. Haihuwa tara ta yi a kan wannan tsari, wa zai ja da ita?

Bayan suna Gwaggo ta yi tafiya Zariya, ta yi kusan mako uku. A cikin waɗannan kwanaki Yaya Rabi ta cika ta batse. Fuska ta yi fam, zobe ya maƙale a yatsa. Matan unguwa masu zuwa barka suna shiga suna fita suna cewa jego ya karɓe ta, Kaka tana washe baki kamar an ba ta kujerar Makka. Ba wanda ya kula cewa mai ƙibar nan tana haki in ta je bayi ta dawo, tana tari, kuma ta daina kwanciya. Baba ba ya shiga ɗakin maijego. Mama tana gani, amma kunyar 'yar fari ta ɗaure mata baki; ko sunan Yaya Rabi ba ta taɓa kamawa ba. Sai ta leƙa daga nesa, ta sunkuyar da kai, ta koma madafi. Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne farfesun ƙaurin maijego, wanda na taya ta ci tsakani da Allah.

Da hantsi Gwaggo ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba ta shiga ɗakin. Ina biye da ita don in ga tsarabar da ke cikin jaka. Ta zauna a bakin gado tana sauraron numfashin Yaya Rabi. Ta dubi jijiyoyin wuyanta da suka tashi. Sannan ta ɗora babban yatsa a kan ƙwaurinta ta danna. Da ta ɗaga, sai rami ya zauna a wurin, ramin da za a iya shuka gyaɗa a ciki. Ta tambaye ta yaya take barci, Yaya ta ce a zaune, don in ta kwanta ji take kamar an danna kanta cikin randa. Gwaggo ta waiwayo ta ce in fita titi in taro tasi, kar in tsaya ba kowa labari.

Kafin in dawo Kaka ta tare ƙofa. Ta ce maijego ba ta taka waje sai ta yi arba'in, iska za ta shige ta, kuma dangin miji za su ce an kasa kula da 'yarsu.

"Asabe, ni na haife ki," in ji Kaka. "Da wannan kunun na shayar da ke."

"Na sani, Inna. Amma wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. In kin bar ta ta cika arba'in a ɗakin nan, wata arba'in ɗin za mu yi."

Ban taɓa jin Gwaggo ta mayar wa Kaka magana ba sai ranar, kuma muryarta ko tashi ba ta yi ba. Ana cikin haka sai ga Mama ta fito. Ta raɓa ta gefen surukarta, ta ɗauko mayafin Yaya Rabi ta yafa mata, ta saɓa jaririn a kafaɗa ta yi gaba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A asibiti likita ya ce zuciyar ce ta gaza, ruwa ya taru har cikin huhu, kuma da an ƙara kwanaki da labarin ya canza. Aka yi mata allurar fitar da ruwa. Abin da ya fita, ni dai na ji tsoron kada Kogin Kaduna ya yi ambaliya. Cikin mako guda ƙibar da unguwa ta yi ta yabo ta zube, Yayarmu ta asali ta fito, 'yar firit, tana numfashi kamar kowa. Likita ya hana kanwa, ya ce a rage gishiri, a kashe wutar ƙarƙashin gado.

Sai dai Kaka ba ta sallama ba. Rana ta uku ta ba ni fulas ta ce shayi ne, in kai asibiti, in miƙa wa Rabi hannu da hannu. Gwaggo ta tare ni a baranda, ta buɗe, ta sansana, ashe kunun kanwa ne, ta rufe. Na jira faɗa, bai zo ba. Washegari ta je wajen mahauta a Babbar Kasuwa ta sayo zuciyar sa guda cur, ta ɗora a faranti a tsakar gida, ta kira Kaka da ladabi. Ta ce gani ya kori ji.

Ta sa wuƙa ta tsaga ta. Ta nuna mana ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa, da wasu 'yan ƙofofi masu laushi da ke buɗewa ta gefe ɗaya kawai don kada jini ya koma baya. Ta ce ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gaji da zagaya jiki, ya tura shi huhu ya sha iska. Ɓangaren hagu ya karɓe shi ya watsa shi ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Zuciya ba ta hutun salla, ba ta yajin aiki, tun mutum yana ciki har ranar da za a rufe shi. Mai ciki kuwa wata tara zuciyarta tana yi wa mutum biyu aiki, wata matar takan fito da tata a gajiye. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana sa zuciya gudu. Kamar jakin da ya dawo daga doguwar tafiya aka ƙara wa buhu aka ce ya yi sukuwa. In zuciya ta kasa turawa, sai ruwa ya tsaya a ƙafa da huhu, kamar kwatar da ta toshe da damina.

Ta ce ba masu jego kaɗai ba. Hawan jini yana sa zuciya ta yi ta dambe har ta sare. Kitse yana toshe 'yan hanyoyin da ke ciyar da ita kanta. Akwai kuma ciwon maƙogwaro na yara, wanda in aka raina shi ba a yi magani ba yakan lalata ƙofofin nan, sai an girma abin ya bayyana. Nan ta ɗan tsaya, yatsanta a kan ƙofar. Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe abin har da ɗakuna. Ta kuma ce a soya, kar a yi asara. Ni na cinye ɗaki uku.

Sai da ciwon Gwaggo na ƙarshe ya kwantar da ita na gane dalilin tsayawar yatsan nan. Likita ya gaya wa Baba ƙofa ɗaya a zuciyar Gwaggo ta lalace tun tana yarinya. Ta daɗe da sani. Tafiye-tafiyen Zariya da muke zaton biki ne, asibiti take zuwa. Matashi uku ba sarauta ba ce, gaisawa da akuya ba son zumunci ba ne. Abin da ta gani a jikin Yaya Rabi, a jikinta ta fara karanta shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta cika wata rana bayan la'asar, a jingine, jim kaɗan bayan ta yi mini faɗa a kan kofin da ban wanke ba. Har yau in na tuna tsokanar da na yi mata, sai in ji kunyar kaina.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Layin man fetur ya kai daga nan har unguwar Kawo, da za ta ce a taka da ƙafa, zuciya na so. Da ta ga dunƙulen magi biyar da muke jefawa a tukunya ɗaya, da ludayi ya yi aiki a kan wani. Baba yanzu yana da hawan jini, yana shan ƙwaya sai ya ji sauƙi ya ajiye, wai ya warke. Na tabbata da ta bi shi har ofis ta tsaya masa a ka gaban maigidansa sai ya haɗiye. Kwanan baya malaminmu ya zana zuciya a allo, ta fi kama da gwanda. Na ɗaga hannu na ce saura ƙofofi. Na sha sharar aji mako guda, amma na san akwai wadda da za ta yi murmushi.

Kada a ɗauka Gwaggo ta tsani al'ada. Takan ce babu asibitin da zai ba mace abin da jegon gida ke ba ta: hutu, abinci mai kyau, da hannun 'yan'uwa. Wutar da kanwar kawai ta ce a sassauta.

A bana Yaya Rabi ta sake haihuwa, bayan shekaru likita yana bibiyarta. Aka kawo ta gida wanka, kuma wannan karon babu Gwaggo. Da muka ga Kaka ta ɗora tukunya, duk muka zuba mata ido. Sai muka ga ta sirka ruwan, ta gwada da gwiwar hannu. Ta dama kunun gyaɗa, tana mita wai ba shi da maraba da ruwan wanke kwano. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kawo kanwa ƙulli guda gudummawa, Kaka ta yi godiya har ƙasa, tsohuwar na fita Kaka ta zuba wa awaki. Kullum da safe takan shiga wai shafa wa Yaya mai a ƙafa, sai in ga babban yatsanta ya nutse a ƙwauri, ta ɗaga, ta ƙura ido. Da na tsokane ta, ta ce in rufe mata baki, ba don maganar kowa ba ce, itace ne ya yi tsada.

Gwaggo ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba, hotonta ma ɗaya ne, shi ma ta rufe ido a ciki. Amma ta bar tsohuwa mai shekara tamanin da ta sauya hannu a kan abin da ta gada, wanda a sanina ya fi gina bene wuya. Ta bar yara biyu da uwarsu a raye.

Juma'ar da ta wuce Yaya Rabi ta yi arba'in, ta goya 'yarta ta hau motar Katabu da ƙafarta. Kaka ta tsaya a ƙofar gida har motar ta sha kwana. Ta goge ido da bakin zani, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da Asabe tana nan da ta ce ta kayar da ni. To, ta kayar."

Allah ya sa ta huta, hutun da zuciyarta ba ta samu ba a duniya.