Usta Toktosun, Mai Ɗumama Kujerar Baya

Ina da wani hali: ba na iya ƙin shawara in dai kyauta ce. Shi ya sa da lagireton motar marigayi mahaifina ya fara yoyo a lokacin zafi, maƙwabcina a kasuwa ya ce in zuba garin mastad, ɗan yajin nan da ake ci da nama, kamar yadda direbobinmu suka gada, ban yi musu ba. Cokali ɗaya ya ce. Ni kuwa mai sayar da labule ne, na saba awo da ƙari, sai na juye leda guda. Yoyo ya tsaya cak. Har na fara ba wasu shawara.

To, ba ni ne abin jinjina a nan ba. Usta Toktosun ne; Usta a wajenmu shi ne gwanin sana'a.

Duk wanda ke bi ta bayan kasuwar garinmu Tokmok da safe ya san rumfarsa. Kafin ya taɓa mota sai ya hura murhun gawayi, ya jera sifana da filaya a kai su yi ɗumi, don a cewarsa ƙarfe mai sanyi ba ya jin magana. Sannan ya sha shayi da madara, ya yi wa duk wanda ya riga shi zuwa faɗan sammako. Ba ya gyaran inji, ba ya gyaran birki. Aikinsa tun yana saurayi hita ce, wato na'urar ɗumama cikin mota, da hanyoyin iska na tsofaffin motoci, irin waɗanda kamfaninsu ma ya manta ya taɓa ƙera su.

Sultanbek, mai jigilar dankali, ya yi hunturu da yawa yana tuƙi da kyandir a gaban sitiyari, yana leƙen hanya ta ɗan wurin da ƙanƙara ta narke a gilashi. Ya rantse mini a gabansa Usta ya zaro sheƙar ɓera daga bututun iska, har da gyaɗar da ɓeran ya tara, ya miƙa masa ya ce, "Ga kayan ɗan hayarka."

Amma abin da aka fi saninsa da shi gwajinsa ne. In ya gama aiki ba ya sa hannu a bakin hita kamar kowa. Takalmi yake cirewa, ya cire safa, ya shiga kujerar baya, ya ce wa mai mota ya zaga da shi. Sai yatsun ƙafarsa sun yi ɗumi zai ba ka motarka. Yana cewa, "Direba ba ya sanin sanyi, yana kusa da wuta. Tsohuwa da jariri a baya ake zaunar da su."

A tsakiyar hunturun nan aka kira mu daga At-Bashi, can bayan duwatsu, cewa Kalifa, yayar mahaifiyata, jiki ya yi nauyi, kuma ƙanwarta take ta kira. Mahaifiyata, da muke kira Apa, ta haura tamanin, ga ciwon ƙirji, likita ya ce sanyi ne babban maƙiyinta. Na ce zan nemo mota ta zamani mai ɗumi.

"Waɗannan gwangwanayen?" in ji ta. "Ko kwana ba a sha ba nake amai. Motar ubanka zan shiga."

"Apa, hitarta ba ta aiki."

"Da yana raye tana aiki."

Motar tsohuwar Volga ce, mai barewar ƙarfe a hancinta, ta girme ni. Ba hita, ba ɗumi, kuma ba iskar da za ta hana gilashin gaba daskarewa a hawan dutsen Dolon, inda hanya take da rami a gefe. Da safe na kai ta wurin Usta, haƙorana na kaɗawa.

Ya zare tiyon ruwan zafi, ya sunsuna, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ƙanena Esenbek, mota ka kawo mini ko tsiren doki?"

"Cokali ɗaya ne kawai, Yaya."

"Cokalin da ake haƙa kabari da shi?"

Na faɗa masa zancen Kalifa. Nan take ya daina dariya. Ya leƙa waje ya ce wa mutum biyun da ke gabana su dawo gobe, sanyinsu ba na gaggawa ba ne.

Na tsaya ina kallo. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, dattijo mai furfura, ya ciro ɗan ƙaramin lagireton hita na tagulla. Ya narkar da dalmar murfinsa ya buɗe. Kowace kafa a toshe take da wani abu kamar tuwon da ya kwana. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da siririyar waya, yana kawo fuska kusa kamar mai sa zare a allura, don idanunsa sun fara gajiya. Ya wanke, ya sake liƙewa da dalma. Famfon da ke sakin ruwan zafi daga inji ya ƙame, ya lallaɓa shi da mai har ya juya. Bututun da ke kai iska gilashi ya tsage, ya naɗe shi. Murfin ƙofar iska kuma ya yanka masa sabon shafi daga wani tsohon takalmin ulu.

Da azahar ya kunna fanka. Zafi ya bugi fuskata, ƙanƙarar gilashi ta fara zamewa. Na ɗaga hannu zan rungume shi, ya ce, "Ja mu je." Ya cire safa ya shiga baya.

Muka zaga kasuwa. Ni ina gumi a gaba.

"Babban yatsan hagu bai yarda ba," in ji shi.

"Yaya, don Allah! Matar nan tana bakin mutuwa!"

"Shi ya sa. So kake ka kai wa marar lafiya gawa?"

Ya riƙa lalube da tafin ƙafa a ƙasan mota har ya tsaya wuri guda. Muka ɗaga kujerar baya, sai ga rami, tsatsa ta cinye ƙarfen, kana hango titi. Ta nan iska ke sace duk ɗumin da hita ta kawo, daidai inda Apa za ta ajiye ƙafa. Ya toshe shi da farantin ƙarfe da ulu, muka sake zagawa. A gaban masu sayar da burodi na ji ya ce, "To. Je ka ɗauko tsohuwa."

Washegari muka haye Dolon, dusar ƙanƙara na zuba, manyan motoci a tsaye a gefe direbobinsu na kankare gilashi. Namu tas kamar idon jariri. Barewar nan ta keta farin dutse kamar ba ta taɓa tsufa ba, ni kuma ina yi musu hon, kamar ni na yi aikin.

Mun sami Kalifa da ranta. Ta buɗe ido ta ga ƙanwarta, ta ce, "Burul, kin tsufa." Apa ta ce, "Ke kika fara." Suka riƙe hannun juna, suka yi kwanaki suna gardama a kan wata tukunyar uwarsu, kafin Allah ya karɓi ran Kalifa.

Usta, kai ne ka ba su kwanakin nan. Kai ne mai auna aiki da ƙafar wanda ba ya iya ƙorafi. Sarkin ɗumi, maganin hawan dutse! Ba a taɓa rubuta sunanka a jikin mota ba, amma jarirai nawa aka dawo da su daga asibiti cikin ɗuminka, su da iyayensu ba su sani ba?

Bana zai rufe rumfa. Idanu sun ce ya isa, 'yarsa kuma ta gyara masa ɗaki a wurinta. Mun gode, Yaya. Allah ya ɗumama tsufanka kamar yadda ka ɗumama na iyayenmu. Mu kuma da muka rage, ko labule kake ɗinkawa ko haƙori kake cirewa, in ka gama aiki ka cire takalmi ka koma baya ka zauna, ka ji abin da na bayan yake ji.

Da na dawo daga At-Bashi, Usta ya tambaye ni ko tsohuwa ta ji ɗumi. Na ce sosai.

Alhali tun daga garin Kochkor, kafin ma mu kai hawan Dolon, ta sauke gilashin gefenta, ta ce dafa ta muke so mu yi. A buɗe ya kai At-Bashi.