Gishirina a Gonar Wani

Ni ban yi boko ba, amma a kasuwar Lafia babu mai koya mini gishiri. In na ɗora a harshe zan faɗa maka na Awe ne ko na kanti. Bayan an yanke mana jiha gari ya cika, ciniki ya buɗe, har na sayi tsohuwar a-kori-kura. Na ɗauki direba, wani Alago magidanci, furfura ta fara cin gemunsa, ba ya son yawan magana. Dokata gare shi ba ta da tsawo: daga Awe sai rumfata, ba fasinja, ba ratse, kuma tampol ba ya barin kan gishiri.

Wata damina ya karya dokokin nan duka a yini guda. Da la'asar ya shigo gidana a ƙafa, laka har gwiwa, ya durƙusa.

"Hajiya, na yi ɓarna."

Ashe a hanya wasu mata ne suka tare shi, 'yar'uwarsu na naƙuda a wani ƙauye, abin ya ƙi. Ya sauka daga titi ya ɗauko ta. Suna fitowa ruwa ya tsuge, mota ta zame cikin gonar doyar wani Tibi ta kafe. Nan haihuwa ta zo. Sai ya yaye tampol daga kan buhuna ya yi wa matan rumfa, shi ya juya baya yana shan ruwan sama. Uwa da jaririya suka tsira. Gishiri kuwa ya narke, ya bi kunyoyi ya shige ƙasa.

Wanda ya san gishiri ya san sauran. Ƙasar da ta sha shi ba ta sake ba da doya nan kusa.

Washegari mai gonar ya zo, dattijo ne siriri, da ganyen doya a hannu duk ya yi yaushi. Ya ce ofishin 'yan sanda zai kai direba. Ƙanina, wanda ke aiki a kotu, ya ja ni gefe.

"Yaya, ki kwantar da hankalinki. Ba ke kika aike shi ƙauye ba. Ya fita daga aikin da kika ba shi, laifin a wuyansa yake."

Ban ce ƙarya ya yi ba, ya fi ni sanin shari'a. Amma na dubi direban nan a tsugune, mutumin da ko kaza ba shi da ita, na tuna tawa naƙudar ta fari, a ɗakin da ke yoyo.

Na ce da manomin, "Baba, me ya kashe maka gona, direba ko gishiri?"

"Gishiri ne, Mama."

"To gishirin nawa ne. Da ni za ka yi magana."

Ina da gonar da marigayi maigidana ya bari wajen Arikya. Na ce ya je ya noma ta har tasa ta warke. Ya tsaya yana juya ganyen nan, sannan ya ce, "Mama, ƙasan naka yana yin doya kuwa?" Na ce ya je ya tambaye ta da fartanyarsa. Har ƙanina sai da ya yi dariya.

Da suka watse direba ya miƙo mini makullin mota da hannu biyu. Na ce ni na taɓa ce maka na iya tuƙi? Tashi ka nemi masu turo mota.

Faɗa kam na yi masa, mai kyau, don asarar ta yi mini ciwo. Ranar kasuwa kuma na sayo tampol guda biyu na ajiye a gabansa. Na ce babban na gishiri ne, kada ka sake taɓa shi. Ƙaramin ka ninke shi bayan kujera, na mutane ne.