Ranar Da Na Hana 'Yata Miƙa Mota

Har in koma ga Allah ba zan manta da kakar tseren motoci ta shekarar da 'yata ta cika ashirin ba. Da za a ba ni damar goge abu ɗaya a rayuwata, maganar da na faɗa mata ranar tseren ƙarshe zan goge.

Ni direban bas ne a London, na daɗe ina yi kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni. Muna zaune a unguwar Edmonton, a flat na council, wato gidan haya na hukuma. Yarinyar nan tun tana ƙarama take tseren 'yan motocin yara. Uwarta ce ke kai ta, ni kuwa ina cewa wasan banza ne. Sai ga shi ta girma, wata ƙungiya ta ɗauke ta a ajin masu tasowa na motocin da ake kira prototype. Ba irin motar titi ba ce. Don tsere kawai ake ƙera ta, a shafe take da ƙasa, tsayinta bai wuce ƙuguna ba, direba ma a kishingiɗe yake shiga. Wanda ya yi fice a wannan aji shi ake ɗauka zuwa na manya.

Ranar da hotonta ya shiga wayoyin 'yan majalisarmu ta ofishin minicab, wato tasin da ake kira ta waya, ranar na zama Baban Direba. Ni da ban taɓa raka ta ko sau ɗaya ba, sai ga ni ina gyara hula ina cewa a jini abin yake. Mutum biyu ne suka fi zuga ni. Ɗaya mai minicab ne da ya sha faɗuwa gwajin tuƙi kafin ya samu lasisi. Ɗayan mai gadi ne a wani babban kanti a Stratford, ko keke bai mallaka ba. Waɗannan su ne masanan da na ɗauka.

Ga yadda tseren yake. Direbobi biyu ne ke raba mota ɗaya. A tsakiyar tsere akwai 'yan mintuna da aka ware, dole kowace mota ta shigo a yi canji a cikinsu. Motar da ta makara, hukunci ya hau kanta. Abokin tuƙin 'yata wani Bature ne likitan haƙori, ya manyanta, ga tumbi, kuma shi ke ɗaukar nauyin motar. Ita ke farawa. Sai ta kawo motar tana ta ɗaya ko ta biyu, shi kuma ya karɓa ya ƙare a baya-baya. Muka sa masa suna Likita Sannu-Sannu.

"Alhaji, wannan fa zalunci ne," in ji mai minicab. "Yarinya ta gama girki, ƙato ya zo ya kifar da tukunya."

"Ni da ni ne a ciki," in ji mai gadin, "sai dai su fito su kamo ni."

A gida ta yi ta ƙoƙarin fahimtar da ni. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa. Ta ce doka ce, kowace mota haka take yi. Ta ce likitan ba ya gudu, amma bai taɓa buga motar ba, shi ya sa makinsu yake ta taruwa tun farkon kaka. Na ce, "Ni za ki koya wa tuƙi? Tun ba a haife ki ba nake bin Old Kent Road da bas mai hawa biyu." Kamar bas da motar tsere sun haɗa wani abu ban da taya.

Tseren ƙarshe a wani fili aka yi a Kent. Muka cika motar mai minicab, kowa da babbar riga a kan rigar sanyi, ga filas ɗin shayi. Na san abin da ke gaban yarinyar, don ta gaya mini: matar da ke shugabantar ƙungiyar ta yi mata alkawarin cewa in suka gama kaka lafiya, za a gwada ta a motar manya. Ba sai sun zo na ɗaya ba. Su gama kawai ba tare da matsala ba.

Kafin a fara, ta same mu a bayan gareji, sanye da kayan tsere, hular kwano a hannu. Ta durƙusa don in yi mata addu'a, kamar yadda ta saba. Abokaina suna tsaye suna kallona, ni kuma kaina ya kumbura.

Na ce, "Ki ji da kyau. In kina gaba, ban yarda ki tsaya ki miƙa wa mutumin nan mota ba. In kika tsaya, ban sa albarka ba."

Ta ɗago kai. "Baba, please."

Uwarta, da ta biyo mu kallon tseren, ta ce, "Malam, ka janye maganar nan. Ba ka san abin da kake faɗa ba."

Ban janye ba. Na juya ina karɓar shayi.

Aka tashi, ta wuce gaba, ta ba su rata. A gareji an ba ni abin saurare na baƙi, ina jin duk abin da ake gaya mata amma ba halin magana. Saboda ta fi likitan gudu, sai suka bar ta a waje har lokacin canji ya kusa ƙarewa. Sannan mai yi mata magana ta rediyo ya ce ta shigo. Ya maimaita. Likitan yana tsaye a bakin gareji, ya sa hularsa, yana rungume da matashin zama da yake ɗorawa a kujerar motar. Na ga motar ta doso mashigar gareji, ta ɗan rage gudu, sai ta miƙe ta wuce.

Abokaina suka hau tafi. Su kaɗai.

A zagaye na gaba ta shigo, amma lokaci ya riga ya wuce. Hukuncin da aka yi musu ya jefa motar can baya, aikin kaka guda ya tafi. Shugabar ba ta ɗaga murya ba. A gabana ta tambayi 'yata ko rediyon ne ya lalace. Yarinyar tana iya cewa e, ta tsira. Ta ce a'a, ta ji. Matar ta ce ba za ta iya damƙa motar manya a hannun wanda za a kira ya ji ya ƙi shigowa ba. 'Yata ba ta ambaci sunana ba. Ni ma, babban gwani, ban buɗe baki na ce ni ne ba.

A hanyar komawa masanana suka canza waƙa tun ba mu shiga London ba.

"Ai dama, Alhaji, tuƙi ba na mata ba ne," in ji mai minicab. "Rikicewa ta yi."

"Kai ma da ka bar ta ta bi dokarsu," in ji mai gadin, yana neman ragowar kilishi.

Daga baya na je na gaya wa shugabar gaskiya. Ta saurare ni, ta ce an riga an ba wani wurin. Shekarar da ta biyo babu ƙungiyar da ta ɗauki 'yata. Yanzu tana aiki a wani kamfanin injuna, tana zuwa gaishe mu duk Juma'a. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe, kuma ba ta sake tayar da zancen ba. Amma in aka nuno tsere a talabijin, sai ta tashi ta shiga kicin.

Abin da na koya shi ne, albarkar uba tana da nauyi a wurin ɗan kirki, ko da uban bai san komai ba a kan abin da yake magana. Ni na ɗauki tawa na yi burga da ita a gaban mutum biyu da ba su isa a saurare su ba. Don Allah kada ku yi irin nawa. Idan ɗanku ya durƙusa gabanku yana neman addu'a a kan sana'ar da ya fi ku sani, ku yi masa addu'ar, ku yi shiru.